Karatun ƴaƴan makiyaya: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

 

Maganar da muka kawo muku a wannan fitowa an daɗe ana taɓa ta a tarurruka, a tafa hannu, a watse, kowa ya koma bakin rijiyarsa. Maganar karatun ƴaƴanmu ce. Ra'ayinmu a kanta gajere ne. Makarantar ɗan makiyayi ba za ta tsaya da ƙafafunta ba sai ranar da makiyayi da ɗan kasuwa da malami da hukuma suka zauna tabarma ɗaya, kowa ya faɗi abin da zai ɗauka, aka rubuta, aka sa hannu. Kuma mu ya kamata mu shimfiɗa tabarmar, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

DOKAR DA BA KA IYA KARANTAWA

Mu fara da abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. A takarda, makiyayin Nijar ba maraya ba ne. Tun watan Mayu na 1961 aka yi dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar ƙasar da ke bayanta ga kiwo. A watan Maris na 1993 aka aza tushen dokar karkara, wadda ta haifar da kwamitocin kula da filaye tun daga ƙauye har gunduma, aka kuma ba makiyaya kujera a cikinsu. A 1997 aka amince cewa makiyayi ma yana da mazauni, wato wurin da yake komawa kowace shekara, inda yake da fifiko kan ruwa da ciyawa. Sannan ranar 20 ga Mayu 2010 aka sa hannu kan dokar kiwo, wadda ta ce yawo da dabbobi haƙƙin makiyayi ne, kuma wajibin hukuma ne ta kare masa shi. Ba a ɓagas aka samu wannan ba. Ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN sun sha kai da komo a Yamai kafin a kai ga dokar 2010.

To, amma mutum nawa ne a cikin ruga guda za su iya buɗe waɗannan takardu su ɗora yatsa kan layin da ke kare su? Idan aka tsare shanu aka ce sun yi ɓarna, doka ta tanadi hanya: a je a ga ɓarnar, a ƙiyasta ta, a nemi sulhu gaban sarakuna kafin a kai ga alƙali. Wanda bai san haka ba, abin da aka yanka masa shi zai biya. Sai ka ga mutum ya sayar da bijimi saboda ɓarnar da ba ta kai kuɗin akuya ba. Wakilinmu yana zaune a kwamitin filaye, ana karanta rahoto da Faransanci, a ƙarshe a miƙo masa ya dangwala. Bayan damina biyu ya tarar burtali ya zama gona, ga kuma yatsansa a gindin takardar.

A bakin iyaka ma haka ne. A 1998 ƙungiyar CEDEAO ta fito da takardar ƙetare iyaka da dabbobi. A ƙarshen 2019 ƙasar Benin ta hana garken baƙi shiga ƙasarta. Jihar Binuwai ta Najeriya ta hana kiwon sake tun 2017. A watan Janairu na 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga CEDEAO. Ƙa'idoji suna sauyawa, duk a rubuce suke, kuma wanda ke tsaye da bindiga a kan hanya ba zai karanta maka su tsakani da Allah ba idan ya lura ba ka iya ba.

Ko a cikin garke abin ya biyo mu. Kwalbar maganin da aka saya a kasuwa tana ɗauke da ranar da aikinta zai ƙare da yawan da za a yi wa dabba gwargwadon nauyinta. Wanda bai karanta ba zai yi wa saniya rabin abin da take buƙata, ciwo ya lafa ya dawo da ƙarfinsa, ko ya sayi ruwan banza da kuɗin tunkiya. Ga salula a aljihun kowa, ana cinikin shanu ana tura kuɗi ta waya, amma sai an nemi wani yaron gari ya duba ko kuɗin sun shigo, da haka ya san sirrin aljihunka. Wannan ita ce koma-bayan da muke magana a kanta. Dukiya tana tafiya da ƙafa huɗu a gabanmu, amma alƙalamin da ke yanke hukunci a kanta yana hannun wani.

ME YA SA IYAYE SUKA JA DA BAYA

Masu ofis sukan ce makiyayi ne ba ya son boko. Wannan magana ba ta yi wa iyayenmu adalci ba. Lokacin da Faransawa suka buɗe makarantun makiyaya cikin shekarun 1940, da goga da barazana aka nemi yara, kamar yadda ake neman jangali da aikin tilas. Sarakuna da yawa suka ɓoye nasu suka tura ƴaƴan waɗanda ke ƙarƙashinsu. Wanda ya zo ya ƙidaya maka shanu don ya karɓi haraji, idan gobe ya dawo yana ƙidayar ƴaƴanka, ai dole gabanka ya faɗi.

Bayan samun mulkin kai ma lakkwal ba ta sauya kamanninta ba. Ku dubi lokacinta. Ana buɗewa a watan Oktoba, a rufe a watan Yuni. Cikin waɗannan watanni ne garke ke gangarowa kudu bin karan gonaki, cikinsu ne kuma bazara take, lokacin da shayarwa ke cin yini guda a rijiya mai zurfi, yaro yana kora sa ko raƙumi yana jan guga, wani yana tare dabbobi kada su yi turmutsitsi a kwami. A ce wa uba ya ba da wannan yaro daga safe har yamma, wata tara cur, daidai yake da a ce masa ya bar rabin garke da ƙishirwa. Idan shekara ta ɓaci, kamar 2005 da 2010, gida kan tashi tun da wuri, aji ya zama kango, a rubuta a littafi cewa yaran sun gudu.

Ku dubi kuma wanda ake turowa. Sau da yawa saurayi ne ɗan birni, bai jin Fulatanci ko Tamajak, bai taɓa kwana inda babu kasuwa ba. Albashinsa yana can gunduma, tafiyar kwana biyu. In ya tafi karɓa sai ya yi mako biyu bai dawo ba. Ba mugun mutum ba ne, an jefa shi ne inda ba a shirya shi ba. Yaro ya shekara uku yana maimaita kalmomin da bai san ma'anarsu ba, littafin kuma yana nuna masa cewa mutumin kirki shi ne mai gidan siminti, mai yawo da dabbobi kuwa saura ne na zamanin da. Ya fito bai iya karatu ba, ya kuma manta kiwo. Uban da ya ga haka ga ɗan maƙwabcinsa ya hana nasa, lissafi ya yi, kuma lissafinsa daidai ne a kan irin makarantar da aka nuna masa.

INDA AKA BI MAKIYAYI, YA KARƁA

Dattawanmu suna tune da bushiya, cutar da kan share garke cikin mako. A 1962 aka soma babban gangamin allurarta a ƙasashen tafkin Cadi, wato Nijar da Najeriya da Kamaru da Cadi. Masu allura ba su zauna a ofis suna jiran shanu ba. Sun bi mashaya, sun tambayi arɗo da rugga ranar da garke zai taru. Da makiyaya suka ga amfanin abin da idonsu, da kansu suka riƙa kawo dabbobi. A 2011 aka shelanta cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya. Mutanen da suka karɓi allura haka, ta yaya za a ce ba su son ci gaba? A ƙasar Cadi, daga shekarar 2000, an gwada haɗa likitan dabbobi da likitan mutane cikin mota ɗaya a yankunan Shari-Bagirmi da Kanem, ana yi wa shanu allura a nan, ana yi wa yara da mata a can. Kuɗin tafiya ya ragu, yaran da ba a taɓa kaiwa gare su ba aka same su. Abin da allura ta yi, alli ma zai iya yi.

Wasu ƙasashe sun gwada da allin. A Iran, cikin shekarun 1950, wani ɗan makiyayan Ƙashƙa'i mai suna Muhammad Bahmanbegi ya kafa makarantun farin tanti. Ana zaɓen matasa daga cikin dangin, a horar da su a birnin Shiraz, su koma su koyar da ƙannensu. Idan zango ya tashi, a naɗe tanti a ɗora wa dabba, malami ya bi. Daga cikin waɗannan tantuna aka samu likitoci da alƙalai da malamai.

A Yuganda akwai makiyayan Karamoja. A zamanin mulkin Ingila dattawansu sun binne alƙalami a ƙasa suka tsine masa, saboda da shi ake ƙidaya musu shanu, da shi ake rubuta sunan samarinsu a tafi da su soja. Sai a 1995 jikokinsu suka taru suka tono shi. A 1998 aka buɗe musu wani irin karatu da aka tsara tare da su: malami ɗan cikinsu ne, su suka zaɓe shi, ana karatu a gindin itace kusa da gida da sassafe kafin a saki dabbobi, da yamma kuma bayan sun dawo, darasin yana magana kan lafiyar dabba da ruwa da zaman lafiya. Dattawa suna zaune a gefe suna jin abin da ake faɗa wa yaransu.

Maƙwabciyarmu Najeriya ta kafa hukuma sukutum ta ilimin makiyaya a 1989, da hedkwata a Kaduna, kuma da yawa cikinmu sun saurari shirinta na Don Makiyaya a Ruga a Rediyon Kaduna. Ta buɗe makarantu masu yawa. Darasin da ke can shi ne, inda mutanen ruga suka riƙe makaranta tamkar rijiyarsu ta ɗore, inda kuwa aka gina aji aka kafa allo aka juya, awaki ne suka gaje shi.

A gida ma ba daga sifiri za mu fara ba. Tun 1957 aka buɗe madarasar Sayi mai haɗa Larabci da Faransanci. Tun 1973 aka soma gwajin koyar da yara da harshen uwa a Damagaram, daga baya aka shigar da Fulatanci da Tamajak tare da Hausa da Zabarmanci da Barbarci. Dokar ilimi ta 1998 ta ce ilimi haƙƙi ne na kowane ɗan Nijar. Daga 2004 aka soma, a jahar Tawa, ƙarfafa kwamitocin da iyaye ke zaɓa don su riƙe ragamar makarantarsu, abin ya bazu ƙasa duka. Ƙofofi ne a buɗe. Abin da ya rage a haɗa su wuri ɗaya a kan ma'aunin makiyayi.

KOWA DA NASA KAYA

Ga yadda muke ganin rabon kayan.

Na farko, makiyaya. Kowane arɗo, kowane rugga da garso, ya san gidajen da ke bayansa da rijiyar da suke yin rani. A ƙidaya yara, maza da mata, mu da kanmu. A zaɓi wurin da jama'a ta fi daɗewa a shekara, a nan za a kafa rumfa. A nemo cikin dangi wanda ya taɓa karatu, ko bai yi nisa ba, mai hankali, mai aure in da hali, a gabatar da shi don a horar da shi. Mutumin da shanunsa ke cikin garken ba zai gudu ya bar yaran ba. A kuma yanke lokacin karatu da bakinmu: awa biyu da hantsi ga masu kiwon yamma, awa biyu da dare a gaban fitila mai aiki da hasken rana ga waɗanda suka yini a daji. Gidaje uku za su iya haɗa ƙananan dabbobinsu hannun yaro ɗaya yau, gobe wani ya karɓe shi, don kada a ce wane ne ɗan karatu, wane kuma an yanke masa kiwo har abada.

Muna da wata al'ada da ta fi kowane banki, wato habbanaye. Mutum ya ba ɗan'uwansa aron saniya, ta haihu a hannunsa, ya riƙe ƴaƴan ya mayar da uwar. Da ita aka tayar da gidajen da fari ya durƙusar. Me zai hana a yi wa makaranta habbanaye? Gida goma su ba da akuya bibbiyu, masu hali su ƙara da karsana. Nonon yara su sha, abin da aka haifa a sayar a sayi alli da littafi, a tallafa wa malami. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na biyu, ku ƴan tike. Kada ku ce wannan maganar mutanen daji ce. A Gogunu, arewacin Benin, makiyaya da ƴan kasuwa sun karɓi tafiyar da kasuwar shanunsu. Mai saye da mai sayarwa suna ciniki ido da ido, dillalai suka zama shaidu masu rubuta cinikin ana biyansu ladansu, ana karɓar wani abu ƙayyadadde kan kowace dabba, kuma daga cikin kuɗin aka tallafa wa makarantu da ajin yaƙi da jahilci na rugage. Mu yi lissafi a kan tamu kasuwa. A ce ana sayar da shanu 200 a mako, a ɗora dala 20, wato sefa 100, kan kowace. Jika 20 ke nan a mako. A shekara ya haura miliyan ɗaya. Dala 20 ba ta kai kuɗin goron da ake rabawa bayan ciniki ba. Ku tuna kasuwanni irin su Abalak da Badagishiri da Tunfafi da Sabon Mashi da Bakin Birji da Balleyara, ku ƙara da raƙuma da tumaki da awaki, ku ga malamai nawa za a iya riƙewa.

Ribar kuma za ta dawo muku. Makiyayin da ya iya auna magani lafiyayyar dabba zai kawo muku, wadda za ta kai Maigatari ko Ilela ba ta faɗi a mota ba. Kasuwar da ke da samari masu rubuta takardar ciniki, da sunan mai dabba da shaidarta da kamanninta, ta kare falke daga ranar da za a tare shi a ce saniyar sata ya saya. A wannan zamani na satar shanu kun fi kowa sanin darajar wannan takarda.

Na uku, iyayenmu mata. Su ke riƙe da nono, su ke riƙe da yara, su suka san dalilin da zai hana yarinya zuwa aji: ɗaukar ruwa, tallan nono, rainon ƙane. In ba a zauna da su ba, rumfar za ta cika da maza zalla. Tun 1991 aka soma asusun Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi, kowa ya ga yadda mata ke riƙe akwati da amana. Shawararmu ita ce akwatin makaranta ya zauna hannunsu. A buɗe musu kuma nasu ajin, ko sau biyu a mako, domin uwar da ta iya rubuta sunanta ba za ta yarda a cire ɗiyarta ba.

Na huɗu, malaman allo. Kada a kafa makarantar nan kamar kishiyar tasu. Yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali a allo ya riga ya san sirrin karatu, sauran sauƙi ne. Da yawa cikin dattawanmu suna rubuta wasiƙa da ajami, matan Abzinawa kuma sun riƙe rubutun Tifinag tun kaka da kakanni. A raba lokaci da malam, a sa shi cikin kwamiti, ya buɗe aji da addu'a. Idan ya sa albarka, uban da ke shakka zai saki jiki.

Na biyar, hukuma. Ba sadaka muke roƙo ba. Dabbobinmu suna cikin manyan abubuwan da ƙasar nan ke fitarwa waje, kuma kowace ranar kasuwa ƙaramar hukuma tana karɓar nata a bakin tike. Abin da muke nema a fili yake. A horar da malamin da jama'a ta zaɓa, a san da shi, a sa shi cikin masu albashi. A bar makarantar makiyaya ta tsara watanninta da awoyinta, muddin ta cika abin da ake buƙata a shekara. A ba kowane yaro kati mai nuna inda ya kai, don in gidansu ya tashi daga Tadres ya sauka kusa da Dakwaro, makarantar can ta karɓe shi ba gardama. A fara da harshen da yaro ke ji kafin a shiga wani. A kawo alƙalai mashaya da wuraren taro su yi wa yara takardar haihuwa, domin rashinta ya tsayar da yara masu ƙwaƙwalwa a bakin jarrabawa. A buɗe wa waɗanda shekarunsu suka wuce ajin gaggawa na wata 9 da ake yi wa ƴan shekara 8 zuwa 12. Ga waɗanda za su ci gaba kuma, makarantar kwana mai abinci, da dattijuwa daga cikinmu mai kula da ƴan mata.

Ƙungiyoyin agaji muna maraba da su, amma su zo daga ƙarshe, su ɗora kan abin da suka tarar. Mun ga makarantun da suka rayu shekara uku, ranar da mota mai tambari ta daina zuwa suka mutu. Abin da aka gina da kuɗin tike da akuyar habbanaye ba ya jiran sa hannun wani a Turai.

Akwai kuma maƙwabtanmu manoma. Inda ruga ke kusa da ƙauye, babu laifi yara su haɗu a rumfa ɗaya, makiyaya kuma su nemi kujera a kwamitin makarantar ƙauyen maimakon su tsaya daga nesa. Ba mu manta da Toda ba, inda a watan Oktoba na 1991 aka hallaka mutum fiye da 100, akasarinsu mata da yara. Allah ya jiƙansu, ya kiyaye na gaba. Yaran da suka zauna tabarma ɗaya suka karanta dokar burtali tare, da wuya gobe wani ya zuga su su ɗauki wuta a kan juna.

AMSA GA MASU SHAKKA

Wani dattijo zai ce, yaro in ya yi boko ya raina sanda. Ya faru, ba mu musa ba. Amma a duba wace makaranta ce ta yi masa haka. Wadda muke magana a kanta malaminta makiyayi ne, lissafinta da shanu ake yi, karatunta dokar kiwo ce da takardar magani da farashin kasuwa. Sannan mu faɗa wa juna gaskiya, garke ba zai ɗauki dukan ƴaƴan da muke haifa ba. Daji yana ƙanƙancewa, gonaki suna hawa arewa. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san yadda masu garke suka wayi gari da igiya kawai, suka shiga birane suna gadi da tallan magani. Gidan da ke da ɗa ɗaya likitan dabbobi ko malami ko lauya yana da ƙafa ta biyu da zai tsaya a kanta ranar da ta farko ta karye.

Wani zai ce kuɗin cinye su za a yi. Maganin wannan a rana yake. A zaɓi ƴan kwamiti da ƙuri'a, kada a bar wa gidan sarauta shi kaɗai. Mai riƙe akwati daban, mai riƙe mabuɗi daban, mai rubutu daban. Ranar kasuwar farko ta kowane wata a tsaya a tsakiyar tike a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, da Hausa da Fulatanci da Tamajak. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani kuma zai ce ana maganar karatu alhali mutane ba su kwana da ido biyu rufe ba. Gaskiya ne, rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu a jahar Tilaberi, ya taɓa Difa da arewacin Tawa, kuma babu wanda zai ce a jefa yaro ko malami cikin haɗari. Amma jama'ar da aka kora ta koma wani wuri, in malaminta ɗan cikinta ne, tare za su sauka, karatu ya ci gaba a sabon zango. Ga gidajen rediyon karkara, waɗanda aka soma da na Bankilare a 1999, ga salula da ke ɗaukar darasi a saurara a bayan garke. Kuma kowa ya san saurayin da ba shi da karatu, ba shi da garke, ba shi da mai jin kukansa, shi ne wanda masu ɗaukar bindiga suka fi saurin ruɗa. Sunan makiyayi ya sha ɓaci saboda wannan, har mai laifi da marar laifi ake yi wa kuɗin goro.

ABIN YI KAFIN A HAƊU A INGAL

Ƴan'uwa, kada wannan takarda ta ƙare a naɗin goro. Wanda ya iya karatu ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, a bakin rijiya da rumfar dillalai. Kowane reshen ƙungiya ya zo taron shan gishiri na Ingal mai zuwa da abu uku a hannu: yawan yaran yankinsa, sunan rijiyar da za a kafa rumfa, da sunan wanda aka amince ya koyar. Shugabannin tike kuma su zauna da nasu mutane su yanke abin da za a ɗora kan kowace dabba. Da waɗannan za mu shiga ofishin mai kula da ilimi na gunduma, mu ce ga namu, ina naku. Wanda ya zo da rabin kaya a kansa ba a yi masa kallon maroƙi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaran da ke bin maruƙa yau su ne za su zauna a kwamitin filaye nan da shekara ashirin. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye dukiya da masu ita, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.